Tiyatar Buɗe Hanci: Me Ya Sa Ake Rage Katantanwa Ba A Cire Ta?

Da wuya mutum ya tuna yana da hanci sai ranar da mura ta kama shi. A ranar ne barci zai gagara, abinci ya rasa ɗanɗano, baki ya bushe saboda ta nan ake jan iska. Ga yawancinmu wahalar ta mako guda ce, mura ta wuce, hanci ya buɗe, a manta. To, amma akwai waɗanda toshewar hanci ta zame musu abokiyar zama, wata da watanni, har shekaru. Daga cikinsu akwai ɗaliban da ke kwana suna minshari, su wayi gari da ciwon kai, su zauna a aji suna gyangyaɗi, malami ya ɗauka lalaci ne. Ɗaya daga cikin manyan dalilan wannan hali shi ne kumburin wani sashe da ke can cikin hanci, wanda idan magani ya kasa shawo kansa sai likitoci su yi masa tiyata. Abin lura shi ne, an shafe fiye da shekara 100 ana gwaje-gwaje kafin likitoci su tsaya a kan cewa wannan sashe rage shi ake yi, a bar saura ya ci gaba da aikinsa. Dalilin haka shi ne za mu duba a wannan maƙala.

Abin da ke cikin hanci

Hancin da muke gani a fuska zaure ne kawai, gidan yana ciki. Mutane da yawa sun ɗauka hanyar iska sama ta nufa, wajen goshi. A haƙiƙa baya ta miƙe, ta bi ta saman ganɗa da hanɗa har ta faɗa maƙogwaro. Wani shamaki na guringuntsi da ƙashi ya raba wannan kogo gida biyu, dama da hagu. A jikin bangon gefe na kowane ɓangare akwai wasu siraran ƙasusuwa guda uku masu lanƙwasa, ɗaya bisa ɗaya, lulluɓe da nama mai laushi. Wasu mutane ma suna da na huɗu ɗan ƙarami a can sama.

Likitoci suna da suna biyu ga wannan sashe, duka daga harshen Latin. Suna kiransa konka, watau kwanson halittar ruwa, suna kuma kiransa tabinet, daga kalmar da ke nufin abin wasa mai juyawa. A Hausa kuwa kalma guda ta haɗa ma'anonin biyu, ita ce katantanwa, kwanson dodon-koɗi da yara ke murzawa yana juyi. Saboda haka katantanwar hanci za mu riƙa cewa. Ta ƙasa ita ce babba, tsawonta a jikin baligi ya kai kimanin santimita 5, kuma ƙashinta mai zaman kansa ne. Ta tsakiya da ta sama rassa ne na wani ƙashi da ke tsakanin idanu. Mafi yawan iskar da muke shaƙa ta gefen ta ƙasa da ta tsakiya take wucewa, kuma ta ƙasan ce aka fi yi wa tiyata.

Malamin da ke son ɗalibansa su gani da idonsu ba ya bukatar kayan awo masu tsada. Ya je mahauta ya sa a tsaga masa kan rago ko na akuya a tsaye, daga goshi zuwa baki. A cikin hancin za a ga siraran ƙasusuwa a nannaɗe kamar tabarma. Na dabbobin nan sun fi na ɗan Adam yawan naɗi, amma tsarin ɗaya ne.

Idan aka yanka katantanwar ƙasa a gicciye za a tarar da hawa uku. A tsakiya ƙashi ne. A kewayensa akwai nama mai kama da soso, cike da faffaɗan jijiyoyin jini waɗanda ke iya cika su kumbura, su kuma matse su saɓe. A waje kuma akwai tantani mai damshi, mai fitar da majina, wanda ke ɗauke da miliyoyin ƙananan gasu da ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma. Kada a haɗa su da gashin bakin hanci, waɗannan ana kiransu siliya. Mai karatu ya riƙe waɗannan hawa uku, domin duk bambancin hanyoyin tiyata a kansu ya ta'allaƙa.

Aikin da take yi

Bari mu yi ɗan lissafi. Baligi a zaune yana numfashi kamar sau 15 a minti guda, kowane numfashi kuwa kimanin rabin lita ne. Ke nan lita 7.5 a minti, lita 450 a awa, lita 10,800 a yini da kwana. Huhu kuwa ba ya son iska mai sanyi, ko busasshiya, ko mai datti. Cikin ƙasa da daƙiƙa guda da iska ke yi a hanci dole a gyara ta.

Lanƙwasar katantanwa ta sa faɗin tantanin hanci ya kai wajen murabba'in santimita 150, ta kuma raba iska zuwa siraran hanyoyi yadda kusan kowane ɓangare nata zai gogi bango mai ɗumi da damshi. Jinin da ke cikin soson nan yana ba iska zafi, majina tana ba ta ruwa. Kafin ta isa maƙogwaro zafinta ya haura digiri 30 a ma'aunin Salshiyas, damshinta ya kusa cika. Ƙura da ƙwayoyin cuta kuma suna maƙalewa a majina, sai siliya su riƙa kaɗawa fiye da sau 10 a kowace daƙiƙa, suna tura majinar baya zuwa maƙogwaro, mu haɗiye ba mu sani ba, ruwan ciki mai tsami ya gama da su. A hanci mai lafiya wannan tafiya ba ta cika wuce minti 20 ba. Wanda ya san yadda hunturu ke zuwa mana da ƙurar kwarin Bodele na arewacin Chadi, da yadda damshin iska kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana, zai gane irin nauyin da wannan ɗan nama ke ɗauka daga Nuwamba zuwa Fabrairu.

Idan muka fitar da numfashi kuma, tantanin da iskar waje ta sanyaya yakan ƙwace wani kaso na zafi da ruwan da ya bayar. Raƙumi ya fi mu gwaninta a nan. A 1981 masanin halittu Knut Schmidt-Nielsen da abokan aikinsa sun nuna cewa idan ƙishirwa ta kama raƙumi, busasshen tantanin da ke kan naɗe-naɗen hancinsa yana tsotse ruwa daga numfashin da ke fita, har iskar ta fita ba cike da damshi ba. Wannan na cikin abubuwan da ke taimakonsa a hamada.

Hausawa na cewa abin da ya taɓa hanci, ido kan yi ruwa. Ilmin halitta ya gaskata su. Jijiyoyin saƙo na hanci suna iya sa ido zubar da hawaye, sa'an nan bututun da ke kwashe hawaye daga ido a ƙarƙashin katantanwar ƙasa yake buɗewa. Shi ya sa mai kuka ke jan majina, shi ya sa kuma likitan da ke aiki a wurin yake kaffa-kaffa da bakin wannan bututu.

Kumburin lafiya da na cuta

Ba kowane kumburi ne cuta ba. Mai karatu ya kara madubi a ƙarƙashin hancinsa ya fitar da numfashi, zai ga tururin ɓangare ɗaya ya fi na ɗayan faɗi. Ya sake gwadawa bayan awa 3 ko 4, mai yiwuwa ya tarar sun yi musaya. A jikin mafi yawan mutane katantanwar dama da ta hagu suna karɓa-karɓa, wannan ta kumbura waccan ta saɓe, ba tare da jimlar iskar da ke shiga ta canza sosai ba. Wani likita Bajamushe, Richard Kayser, shi ya bayyana wannan a 1895. Haka nan wanda ya kwanta a gefe guda zai ji hancin da ke ƙasa ya ɗan toshe. Duk wannan lafiya ce.

Matsala tana zuwa ne idan kumburin ya ƙi sauka. Me ya sa ɗan kumburi kaɗan ke jawo toshewa mai yawa? Ɗaliban fizis za su tuna da dokar da likitan Faransa Jean Poiseuille ya fitar a shekarun 1840: idan aka rage faɗin bututu da rabi, wahalar wucewar abin da ke gudana a ciki ba ninki 2 take ƙaruwa ba, ninki 16 ne, watau 2 sau 2 sau 2 sau 2. Hanci ba miƙaƙƙen bututu ba ne, don haka lissafin ba ya hawa kansa daidai wa daida, amma darasin yana nan. Wurin da ya fi ƙunci a duk hanyar iska ta hanci yana ɗan bayan ƙofa, kuma a nan ne kan katantanwar ƙasa yake. Ƙarin milimita 1 ko 2 a wannan wuri ya isa ya hana mutum barci.

Babban mai jawo kumburi mai daɗewa shi ne alaji, watau jiki ya ɗauki abin da ba shi da illa a matsayin abokin gaba, ya saki sinadarin histamin, jijiyoyin jini su buɗe, a yi ta atishawa da ƙaiƙayi da zubar majina. Masu tayar da shi sun haɗa da wasu ƙananan halittu dangin kaska da ke zaune cikin katifa da matashin kai, da kashin kyankyaso, da fumfuna, da garin furanni, da gashin kyanwa. Akwai kuma abubuwan da ke fusata tantani ko babu alaji, irin su hayaƙin itace da na janareta da na taba, da maganin sauro na kunnawa, da turaren wuta a rufaffen ɗaki, da garin taba da ake shaƙa. Juna biyu ma kan kawo toshewa, wadda ke wucewa bayan haihuwa. Idan kuma shamakin tsakiya ya karkata gefe guda, katantanwar ɗaya ɓangaren takan girma ta cike filin da ya samu, wani lokaci har da ƙashinta.

Akwai dalili guda da ya cancanci a tsaya a kansa, domin mutum da hannunsa yake jawo shi. A kemis ana sayar da magungunan ɗigawa ko fesawa masu ɗauke da oksimetazolin ko zailometazolin. Suna matse jijiyoyin jini, cikin 'yan mintoci hanci ya buɗe wayam. Amma takardar da ke cikin kwalin ta ƙayyade kwanaki kaɗan, daga 3 zuwa 7 gwargwadon ƙasar da aka yi maganin. Wanda ya zarce, da zarar ƙarfin maganin ya sake sai kumburi ya dawo fiye da na da, ya ƙara ɗigawa, tazarar ta riƙa raguwa, har ya zama ba ya fita sai da kwalba a aljihu. Maganin wannan shi ne a daina, bisa jagorancin likita, a jure toshewar mako 1 ko 2. Da yawa daga masu neman tiyata da wannan kaɗai suke warkewa.

Kafin a kai ga wuƙa

Toshewar hanci alama ce, sai an bincika ake sanin tushenta. Likitan kunne da hanci da maƙogwaro zai leƙa da fitila, sau da yawa kuma ya zura siririn madubi mai haske da ake kira endoskof don ya ga har ƙurya. Zai bambanta katantanwa da tsiron hanci, wanda shi fari-fari ne kamar ɓararren inabi, yana motsi, kuma ba a jin zafi in an taɓa shi. A jikin yara zai duba adinoyid, wani nama da ke bayan hanci. Yaron da hancinsa ɗaya ke zubar da majina mai wari, a fara zargin ya cusa wani abu, ƙwayar wake ko dutsen ado ko guntun soso. Toshewar ɓangare guda mai tafiya da yawan haɓo kuwa, musamman ga saurayi matashi ko dattijo, tana bukatar bincike da gaggawa, domin tana iya zama ƙari.

Akwai gwaji mai sauƙi da ke nuna wa likita hawan da ya kumbura. Zai fesa maganin matse jijiyoyi ya jira minti 10. Idan katantanwa ta saɓe, hanci ya buɗe, to soson ne ke da laifi. Idan ba ta motsa ba, ƙashi ne ya yi kauri, ko naman ya riga ya taurare. Wani lokaci akan ƙara da gwajin alaji a fata, ko hoton kwamfuta na ƙasusuwan fuska.

Ko an tabbatar katantanwa ce, magani ake farawa da shi. Na farko nisantar abin da ke tayar da ciwon. Na biyu wanke hanci da ruwan gishiri, giram 9 a lita 1 na ruwan da aka tafasa ya huce. Na uku maganin fesawa mai sitiroyid, irin su fulutikason da mometason, waɗanda ba sa jawo kumburin ramuwa irin na waɗancan. Sai dai ba sa aiki nan take, sai an yi ta fesawa kullum na makonni kafin a yanke hukunci, kuma bakin kwalbar wajen kunne ake nufa da shi, ba wajen shamaki ba, don gudun haɓo. Akan haɗa da maganin da ke tare histamin. Sai an bi wannan hanya yadda ya kamata, yawanci wata 2 zuwa 3, ba a ga sauƙi ba, sa'an nan ake zancen tiyata.

Hanyoyin tiyata

Tun a ƙarshen ƙarni na 19 likitocin Turai da Amurka suka fara taɓa katantanwa. Wasu suna ƙona samanta da ƙarfe mai zafin lantarki ko da sinadari, wasu suna sa almakashi su yanke ta ɗungurungum. Tunaninsu mai sauƙi ne: abu ya tare hanya, a kawar da shi. Daga baya aka ga wasu daga cikin waɗanda aka yi wa haka suna dawowa da bushewar hanci da tasono mai kauri da wari, sai aikin ya yi baƙin jini. Aka ci gaba da neman wasu dabaru, aka gwada daskarar da naman da tsananin sanyi, aka gwada hasken lesa a shekarun 1970. A shekarar 2000 likitoci biyu na ƙasar Holan, Hol da Huizing, suka bi tarihin suka ƙirga hanyoyi 13 da aka yi amfani da su cikin shekara 130. Hukuncinsu shi ne, hanyar da ta fi ita ce wadda ke rage girma daga ciki ta bar tantani lafiya.

A 2003 Desiderio Passali da abokan aikinsa na Jami'ar Siena a Italiya suka buga sakamakon binciken da ya ƙarfafa wannan ra'ayi. Sun raba majiyyata 382 a kan hanyoyi 6, suka bi lafiyarsu har shekara 6. Waɗanda aka rage wa nama ta ƙarƙashin tantani su ne hancinsu ya zauna a buɗe, siliyarsu kuma ta koma aiki sosai, musamman idan an haɗa da ture ƙashin gefe. A kan wannan turba hanyoyin yau suke.

Hanya ta farko ita ce ta igiyar rediyo, wadda likitocin Jami'ar Stanford a Amurka suka ba da rahoton gwada ta a hanci a 1998. Bayan an kashe wurin da allura, sai a soka siririyar allura cikin soson, a saki ƙarfin lantarki mai ɗumama naman zuwa ƙasa da zafin tafasar ruwa. Wurin da ya ɗumama yakan zama tabo a ciki, tabo kuwa janyewa yake yi, sai katantanwa ta tsuke a hankali cikin makonni. Aikin ba ya cika wuce minti 20 ba, mutum yana farke, a ranar zai koma gida. Rauninta shi ne ba ta taɓa ƙashi, kuma kumburi kan dawo wa wasu bayan 'yan shekaru, a sake yi.

Ta biyu ita ce ta wata na'ura mai kama da bututun biro, da ɗan aska mai juyawa a bakinta, tana yanka tana zuƙewa. Akan ɗan tsaga gaban katantanwa, a zura ta ƙarƙashin tantani, a aske soson daga ciki kamar mai rarake ƙwarya, a bar bayan yadda yake.

Ta uku ta masu kaurin ƙashi ce. Likita zai ɗaga tantani kamar mai buɗe bangon littafi, ya cire wani ɓangare na ƙashin da naman da ke manne da shi, ya mayar da tantanin ya rufe. Wannan yawanci sai an sa mutum barci.

Ta huɗu ita ce ture ƙashi. Da yake siriri ne, akan danna shi da wani ƙarfe ya ɗan karye ya matsa jikin bango. Ba a cika yin ta ita kaɗai ba, haɗa ta ake yi da ɗaya daga cikin sauran. Idan kuma shamaki ya karkata, akan miƙe shi a zama ɗaya. Wani bincike da aka buga a 2023, wanda ya ƙunshi manya 378 a asibitoci 17 na Birtaniya, ya nuna cewa masu karkataccen shamaki da toshewa mai tsanani sun fi samun sauƙi bayan wata 6 idan an yi musu tiyatar miƙe shi, ko da rage katantanwa ko babu, fiye da waɗanda aka bari a kan maganin fesawa da ruwan gishiri. Duk waɗannan ayyuka ta ƙofar hanci ake yin su, ba a tsaga fuska, siffar hanci kuma ba ta canzawa.

Hancin da ya zama kango

Me zai faru idan aka cire fiye da kima? A 1994 Eugene Kern da Monika Stenkvist na Asibitin Mayo a Amurka suka laƙaba wa wannan hali suna da ke nufin ciwon hancin da babu kome a cikinsa, saboda yadda hoton irin waɗannan majiyyata ke nuna fili fetal. Abin mamaki shi ne kukansu: hanci ya toshe, numfashi ba ya isa, kamar ana shaƙe su. Likita ya leƙa ya ga hanya a buɗe, mai ciwo kuwa ya rantse ba ya jin iska.

Bayanin yana cikin yadda ƙwaƙwalwa ke sanin hanci a buɗe yake. Ba ta da ma'aunin lita. Abin da take dogara da shi shi ne sanyin da iska mai wucewa ke jawowa a kan tantani mai damshi, wanda wasu jijiyoyin saƙo ke ji su kai mata labari. Kowa ya san yadda shaƙar man zafi mai mentol ke sa a ji hanci ya buɗe. Tun a shekarun 1980 Ronald Eccles da abokan aikinsa a Cardiff ta Birtaniya suka auna suka ga mentol ba ya ƙara yawan iskar da ke wucewa ko kaɗan, jijiyoyin jin sanyi kawai yake zuga. A 2002 ɗakunan binciken David Julius da Ardem Patapoutian, kowanne da kansa, suka gano ƙwayar furotin da ke karɓar wannan saƙo, aka sa mata suna TRPM8. Mutanen biyu sun sami kyautar Nobel a 2021 saboda ayyukansu a kan yadda jiki ke jin zafi da sanyi da taɓawa.

To, idan aka yanke katantanwa, an tafi da tantani da jijiyoyinsa, iska kuma ta daina bin siraran hanyoyin da ke sa ta gogi bango. Saƙon sanyi ya ragu, ƙwaƙwalwa ta yanke hukuncin cewa hanci a toshe yake. Ga bushewa, ga tasono, ga rashin barci, wasu har damuwa mai tsanani ta kama su. Ciwon ba ya samun yawancin waɗanda aka yi wa tiyata, kuma ya fi bin wadda aka yi ɓarna a cikinta. Amma naman da aka yanke ba ya sake tsirowa. Abin da likitoci ke iya yi shi ne jiƙa hanci da ruwan gishiri da man shafawa, wani lokaci kuma su dasa guringuntsi a ƙarƙashin tantani don su sake ƙuntata hanyar da aka faɗaɗa. Shi ya sa likita mai hankali ya gwammace ya rage kaɗan, in bai isa ba a ƙara, da ya zarce a rasa yadda za a yi.

Bayan tiyata

Wanda za a yi wa aikin ya gaya wa likita duk magungunan da yake sha, musamman asfirin da masu tsinka jini, ya kuma faɗa in yana da hawan jini, ko ciwon sukari, ko sikila, domin mai sikila yana bukatar shiri na musamman kafin a sa shi barci. Yana da haƙƙin ya tambaya: wace hanya za a bi, wane hawa za a rage, kuma nawa za a bari?

A makon farko hanci yakan ƙara toshewa saboda kumburin rauni, kada wannan ya tayar da hankali. Za a ga majina mai ɗan jini da tasono na mako 2 zuwa 4. Ana wanke hanci da ruwan gishiri sau da yawa a yini, a guji fyace majina da ƙarfi, da ɗaukar kaya masu nauyi, da ƙwallo, har sai likita ya ba da izini. In lokacin hunturu ne a rufe hanci da ƙyalle idan za a fita. Haɓo mai yawa shi ne haɗarin da aka fi tsoro, domin babbar jijiyar da ke ciyar da katantanwa ta ƙarshenta na baya take shiga, inda yatsa ba ya kaiwa. Jinin da ya ƙi tsayawa, ko zazzaɓi, ko ciwo mai ƙaruwa, duk dalilai ne na komawa asibiti ba tare da jinkiri ba. Wani lokaci kuma raunin kan manne da shamaki, sai likita ya raba su.

A sani kuma tiyata ba ta warkar da alaji. Hanya take buɗewa, amma jikin da ke faɗa da ƙurar katifa yana nan yadda yake. Wanda ya watsar da maganinsa ya koma cikin hayaƙi, kumburi zai iya dawo masa.

Saboda wannan jijiya ta baya, da bututun hawaye, da kusancin wurin da ido, cikin hanci ba wurin da za a bari a sa aska a gida ba ne, kome gwanintar mai askar. Likitoci sun daɗe suna gargaɗi a kan yankan belu saboda zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta, haɗarin hanci kuwa bai gaza wannan ba. Asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri suna da sashen kunne da hanci da maƙogwaro, haka nan akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna, wadda ke duba hanci da maƙogwaro ita ma.

Malamai kuwa su ne suka fi kowa damar lura. Ɗalibin da kullum bakinsa a buɗe, muryarsa kamar mai mura rani da damina, abokan kwanansa suna ƙorafin minsharinsa, ko aka ga kwalbar maganin ɗigawa ba ta rabuwa da aljihunsa, a kira shi a tambaye shi tun yaushe abin ya fara. Idan ya haura wata 3, a sanar da iyayensa su kai shi a leƙa hancin.